Wa Ya Haɗiye Wa'adin Makonni Shida?

Ranar Laraba, 27 ga Yulin 2022, sanatoci suka fito daga doguwar ganawar sirri kan taɓarɓarewar tsaro. Da aka buɗe ƙofofin zaure, shugaban marasa rinjaye, Sanata Philip Aduda na Abuja, ya miƙe ya nemi a ba shi dama. So yake a faɗa a bainar jama'a cewa an ba Shugaba Muhammadu Buhari makonni shida ya shawo kan lamarin, in ya kasa a fara shirin tsige shi. Shugaban majalisar, Ahmad Lawan, ya tare shi, ya ce bai tuntuɓe shi da batun ba tun farko kamar yadda dokar zauren ta tanada, ya buga guduma. Sai sanatocin adawa suka tashi suka fice suna ɗaga murya cewa Buhari ya sauka, suka tara 'yan jarida suka shelanta wa'adin da bakinsu. Washegari 'yan adawa na majalisar wakilai suka ce su ma suna ciki. Fadar shugaban ƙasa kuwa ta ce abin wasan yara ne.

A Sabon Birni da Isa da ke gabashin Sakkwato, ba da kunnen siyasa aka saurari wannan labari ba. Mutanen da suka binne fiye da mutum 70 a Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙarshen Mayun 2020, su ne suka kasa kunne ga rediyo a daren nan. A watan Satumbar 2021 an rufe musu layukan waya, an hana sayar da dabbobi a kasuwanni, an taƙaita sayar da fetur, duk da sunan matse 'yan bindiga, amma talaka ne ya fi matsuwa. A farkon Disambar wannan shekara aka tare motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni, a kusa da Gidan Bawa, aka cinna mata wuta da mutane a ciki. 'Yan sanda sun ce 23 suka mutu. Dubban iyalai sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, wasu aka tsugunar da su a Garin Kaka da Dan Dadji Makaou da Chadakori. Waɗanda suka zauna kuwa sun san yadda ake yi: saƙo ya zo daga daji cewa gari ya haɗa kaza kafin a shiga gona, mai gari ya zauna da dattawa a raba kuɗin gida-gida, wanda ba shi da shi ya sayar da akuya ko buhun gero, a ƙulla a leda a ba wanda zai iya kaiwa. In amfanin gona ya nuna, wani saƙon ya sake zuwa.

Ga irin waɗannan mutane, jin cewa manya a Abuja sun sa wa shugaban ƙasa rana saboda jinin da ake zubarwa ba ƙaramin abu ba ne. Makonni shida sun cika ranar 7 ga Satumba. Ba a ji komai ba. Aka shiga Oktoba, shiru. Buhari ya kammala wa'adinsa ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayun 2023, babu wanda ya fito ya ce an janye barazanar, babu kuma wanda ya ce an kayar da ita a ƙuri'a. To, wa ya haɗiye ta?

Wanda kowa ya fara nunawa da yatsa shi ne Ahmad Lawan, kuma akwai dalili. Shi ya buga gudumar, ɗan APC ne, kuma tun da ya hau kujerar a 2019 bai ɓoye cewa majalisarsa ta zaman lafiya da ɓangaren zartarwa ce ba. Sai dai in mutum ya buɗe sashe na 143 na kundin tsarin mulkin 1999, zai ga gudumar ba ta kai inda ake zato ba. Tsige shugaban ƙasa ba ya farawa da ƙudurin da ake ɗaga hannu a nemi izini. Da takarda yake farawa: rubutacciyar tuhuma mai ɗauke da laifuffukan dalla-dalla, wadda aƙalla kashi ɗaya cikin uku na dukkan 'yan majalisar tarayya suka sa wa hannu. Sanatoci 109 da wakilai 360, jimilla 469, ke nan ana buƙatar hannu 157. Da zarar wannan takarda ta shiga hannun shugaban majalisar dattawa, kundin bai bar masa zaɓi ba. Dole cikin kwana 7 ya aika kwafinta ga shugaban ƙasa da kowane ɗan majalisa, dole kuma cikin kwana 14 kowane zaure ya kaɗa ƙuri'a, ba tare da muhawara ba, kan ko a bincika ko kada a bincika.

Nan ne zaren ya fara warwarewa. Kundin tsarin mulki bai san wani abu wai shi wa'adin makonni shida ba. Takarda ya sani, da sa hannu. Kuma har Buhari ya bar mulki, ba a taɓa gabatar da irin wannan takarda a zauren majalisa ba. Abin da aka yi ranar 27 ga Yuli kamar mutum ne ya tsaya a ƙofar kotu yana rantsuwa sai ya ɗaure maƙwabcinsa, amma bai shiga wurin magatakarda ya yanki sammaci ba. Lawan ya hana magana a zaure, gaskiya ne. Bai hana kowa ɗaukar biro ba.

Tambayar ta sauya ke nan: me ya hana a rubuta takardar?

Amsa mafi kusa ita ce lissafi. Hannu 157 ba ya gagarar 'yan adawa, musamman da yake har wasu 'yan APC sun fito sun ce suna goyon baya. Abin da ke gaba ne dutse. Kafin a fara bincike ma, sai kashi biyu cikin uku na kowane zaure sun amince: sanatoci 73, wakilai 240. Daga nan Babban Jojin Ƙasa ya naɗa kwamitin mutum 7 masu gaskiya da riƙon amana, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba 'yan majalisa ba, ba kuma 'yan jam'iyya ba, a ba su har wata 3 su kawo rahoto. In suka ce ba a tabbatar da laifi ba, magana ta mutu nan take. In suka ce an tabbatar, sai an sake samun 73 da 240 ɗin nan cikin kwana 14. A 2022 APC ce ke da rinjaye a zaurukan biyu, 'yan adawa ko rabin majalisar dattawa ba su kai ba. Kowane sanata da ya fice daga zaure a ranar ya san wannan lissafi tun kafin ya tashi daga kujerarsa.

Amma lissafi kaɗai bai gamsar da ni ba. Wanda ya san ba zai kai ƙarshe ba yana iya shigar da takardar don a tilasta ƙuri'a, kowa ya nuna inda ya tsaya, tarihi ya rubuta. Ko wannan ba a yi ba. Sai na koma ga kalanda, kuma a nan na ga abin da ya tsaya mini a rai. A ranar da aka ba da wa'adin, a ranar majalisar dattawa ta tafi dogon hutunta na shekara, sai 20 ga Satumba. Wato makonni shidan gaba ɗayansu sun faɗa cikin hutu, ranar cikarsu zauren a kulle yake. Da aka dawo, kwana 8 kacal suka rage a buɗe yaƙin neman zaɓe, wanda INEC ta sa wa 28 ga Satumba. Da ma an shigar da takarda ranar da aka dawo, in aka bi kwanakin da kundi ya ƙayyade har iyakarsu, sai wajen ƙarshen Janairun 2023 za a kai ga ƙuri'ar ƙarshe, saura wata guda a yi zaɓen 25 ga Fabrairu. Sannan in aka tsige Buhari, mataimakinsa Yemi Osinbajo ne zai hau, mutumin da ya sha kaye a hannun Bola Tinubu a zaɓen fidda gwani na watan Yuni. A ganina babu ɓangaren da wannan zai yi wa daɗi. 'Yan APC ba sa son rikici a gida ana dab da zaɓe, 'yan PDP kuma sun fi son su shiga zaɓe da gazawar Buhari a hannunsu da a ce sabon shugaba ya zo ya ɗauke musu abin faɗa.

Akwai masu cewa ai dama rashin tsaro ba laifin da ake tsige shugaba a kansa ba ne, don ba shi ya ɗauki bindiga ba. Wannan magana ta cancanci a dube ta da kyau, domin ba a Najeriya kaɗai ta taso ba. A Koriya ta Kudu, da majalisa ta tuhumi Shugaba Park Geun-hye a Disambar 2016, cikin tuhume-tuhumen har da sakacinta ranar da jirgin ruwan Sewol ya nutse a Afrilun 2014, inda mutum 304 suka mutu, yawancinsu 'yan makaranta. Kotun tsarin mulki ta tabbatar da tsige ta ranar 10 ga Maris 2017, amma a kan cin amanar ofis da batun kuɗi, ta ce na jirgin ba zai zama hujjar tsigewa ba. Saboda haka abu ne mai wuya a ko'ina. Sai dai namu kundin ya buɗe ƙofar fiye da haka. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 143 kuma ya fassara babban laifi da cewa mummunan keta kundin tsarin mulki ne, ko duk wani hali da majalisar tarayya, a nata ra'ayin, ta ga ya kai babban laifi. Ra'ayin majalisa shi ne ma'auni. Doka ba ta ɗaure hannun kowa ba.

Tunda doka ba ta hana ba, sai a duba inda wannan wuƙa ta taɓa yanka, a ga me ke sa a zare ta daga kube. Ba sai an je nesa ba. Ranar 23 ga Yunin 1981 majalisar tsohuwar jihar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, bayan ta shafe kusan shekara biyu tana ƙin amincewa da kwamishinoninsa. A nan Sakkwato, lokacin da Attahiru Bafarawa, ɗan ƙasar Isa, yake gwamna, dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da mataimakinsa Aliyu Magatakarda Wamakko, maganar tsigewa ta yi ƙarfi, Wamakko ya ajiye muƙaminsa a watan Maris na 2006. Wanda ya fi kusa da mu a lokaci da wuri shi ne na Zamfara. Gwamna Bello Matawalle ya koma APC a tsakiyar 2021, mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau ya ƙi bin sa, ranar 23 ga Fabrairun 2022 majalisar jihar ta tsige shi, a ranar aka rantsar da wanda ya gaje shi. Wannan ya faru ne makonni kaɗan bayan kisan gillar da aka yi a Anka da Bukkuyum a farkon Janairu, a jihar da Shinkafi take, maƙwabciyar Isa, inda jagoran 'yan bindiga Bello Turji ya yi sansani. Majalisar da ke zaune a tsakiyar wannan wuta ta samu kashi biyu cikin uku, ta samu kwamiti, ta samu lokaci, amma a kan sauya sheƙa.

A matakin tarayya ma hoton ɗaya ne. Ranar 13 ga Agustan 2002 majalisar wakilai ƙarƙashin Ghali Umar Na'Abba ta ba Olusegun Obasanjo makonni biyu ya sauka ko a tsige shi. Wannan shi ne yunƙuri mafi ƙarfi da aka taɓa yi, kuma daga cikin jam'iyyarsa ta PDP ya taso. Cikin tuhume-tuhumen akwai tura sojoji Odi da Zaki Biam, amma Odi tun 1999 aka yi ta, abin da ya kawo wuya shi ne rigimar kasafin kuɗi da yadda shugaban ke raina majalisa. Yakubu Gowon da Shehu Shagari suka shiga tsakani, wutar ta lafa. A 2014 an sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu, Boko Haram ta kama garuruwa ta kafa tuta, amma tattara sa hannu don tsige Goodluck Jonathan bai kankama ba sai bayan 20 ga Nuwamba, ranar da 'yan sanda suka tare Kakakin Majalisa Aminu Waziri Tambuwal a ƙofa, aka harba barkonon tsohuwa, 'yan majalisa suka haura katanga. A 2018 ma, zaman haɗin gwiwar da aka yi ranar 5 ga Yuni, wanda ya yi wa Buhari barazana da ikon majalisa, ya zo ne kwanaki kaɗan bayan 'yan sanda sun ambaci sunan shugaban majalisar dattawa na lokacin, Bukola Saraki, a binciken fashin Offa.

Da wannan a hannu, sai tambaya ta ƙarshe, wadda ita ce mabuɗin: me ya sa Yulin 2022? Me ya sa ba Mayun 2020 ba, ranar da Garki ta cika da gawa? Me ya sa ba Disambar 2021 ba, da aka ƙona matafiya? A duba abin da ya faru a makonni uku kafin wa'adin. Ranar 5 ga Yuli aka fasa gidan yarin Kuje, cikin babban birnin tarayya, ɗaruruwan fursunoni suka tsere, cikinsu har da 'yan Boko Haram. A ranar aka kai wa tawagar share fage ta shugaban ƙasa hari kusa da Dutsinma. Daga baya waɗanda suka sace fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna suka saki bidiyo suna dukan mutanen, suna barazanar kama Buhari da gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufai. Aka yi wa dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa kwanton ɓauna a yankin Bwari, aka rufe makarantu a Abuja. Wutar da ta shekara uku tana cin gabashin Sakkwato ta iso unguwannin da sanatoci ke kwana, da hanyoyin da 'ya'yansu ke bi.

To, ga amsar. Babu wanda ya haɗiye wa'adin, domin tun farko ba a yi shi don ya cika ba. Kukan tsoro ne na mutanen da haɗari ya iso ƙofarsu, haɗe da ribar siyasa ana dab da zaɓe. Ya kuma yi aikin da aka yi shi dominsa: an ƙara jami'an tsaro a Abuja da kewaye, hankali ya kwanta a can, sauran fasinjojin jirgin ƙasa 23 suka samu 'yanci a farkon Oktoba. Da Abuja ta samu barci, babu sauran mai tuna ranar 7 ga Satumba. Sabon Birni da Isa ba su cikin lissafin da aka buɗe, shi ya sa ba a neme su ba ranar da aka rufe shi.

Akwai wani abu da ya faru a wannan rana ta 27 ga Yuli da bai kamata mutanen Gobir su manta ba. A zaman nan ne aka sanar da Sanata Ibrahim Abdullahi Gobir, mai wakiltar Sakkwato ta Gabas, a matsayin shugaban masu rinjaye na majalisar dattawa. Adalci ne a faɗi cewa shi ne a Mayun 2020 ya tashi a zauren ya ce mutanensa sun fi samun ɗauki daga sojojin Nijar a kan na ƙasarsu, magana mai nauyi daga bakin ɗan jam'iyya mai mulki. Amma muƙamin da aka ba shi aikinsa shi ne jagorantar harkokin gwamnati a zaure da riƙe 'yan jam'iyya wuri guda. Yankin da ya fi kowa hujjar tuhuma, wakilinsa ne aka ɗora a kujerar kare gwamnati. Ba laifin mutum ɗaya nake nunawa ba. Haka tsarin yake aiki: jam'iyya ke ba da tikiti da muƙami, don haka ita ake jin tsoro.

Ba na cewa da an tsige Buhari da Turji ya ajiye bindiga. An sauya gwamnati a 2023, amma a Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi, a watan Agusta aka tabbatar an kashe shi. Abin da ke ci mini rai shi ne binciken da aka rasa. Da an kai ga kwamitin mutum 7 ɗin nan, da an zauna an amsa tambayoyi: sojoji nawa aka tura Sabon Birni, yaushe aka janye su daga wane ƙauye, wa ya ba da umarni, ina kuɗin tsaro suka shiga. Da mutumin Gangara da na Gatawa da na Tarah sun samu inda za a rubuta shaidarsu da sunan ƙasa.

Kuma wannan ba sai an jira tsigewa ba. Sashe na 88 da na 89 sun ba kowane zaure ikon bincikar duk wata ma'aikata da yake ware wa kuɗi, ya kira kowa ya ba da shaida bisa rantsuwa, ya sa a kamo wanda ya ƙi zuwa. Wannan ba ya buƙatar sanata 73. Sashe na 69 kuma ya ba masu zaɓe damar fara yi wa ɗan majalisa kiranye in fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa suka sa hannu, ko da yake hanya ce mai wuya, kamar yadda aka gani a kan Sanata Dino Melaye a 2018.

Jama'ar Sabon Birni da Isa, da na Goronyo da Rabah da Shinkafi, za a sake yin wannan barazana, ga shugaban da ke kan mulki ko wani. Ranar da kuka ji ta a rediyo, ku tambayi sanatanku da ɗan majalisarku: an rubuta takardar? Hannu nawa ke kanta, kuma naka yana ciki? In suka ce lokaci bai yi ba, ku nemi su kawo kwamitin majalisa ya zauna a Sabon Birni, a fili, ya saurari waɗanda aka kashe wa 'yan uwa, a buga rahoton kowa ya gani. Wannan yana cikin ikonsu yau, kuma haƙƙinku ne ku matsa musu sai sun yi.